Laifin Lasifika ko na Rauta? Magana a Kan Hukunci da Bincike

Akwai wata 'yar matsala da ta zama ruwan dare a gidajen da aka shigo da lasifika mai aiki ta Wi-Fi. Mutum ya kunna karatun Alƙur'ani ko tafsiri ko wani shirin rediyo daga wayarsa, sauti na fita tangaran, sai kwatsam ya ɗauke na daƙiƙa biyu, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Wata rana kuma waya ta nemi lasifikar sama ko ƙasa ta rasa, alhali ga ta nan a kan tebur fitilarta na ci. Abin da kusan kowa ke yi a wannan hali iri ɗaya ne, wato a yanke wa lasifika hukunci. A ce jabu ce, a ce ta tsufa, a mayar wa mai shago da faɗa, ko a sayo wata mai tsada. Sau da yawa sabuwar ma sai ta ɗauki halin tsohuwar, domin cutar tana can cikin rauta, 'yar akwatin nan mai rarraba intanet da aka ajiye a lungu aka manta da ita. Hausawa sun daɗe da sanin irin wannan kuskure, shi ya sa suke cewa an bar jaki ana dukan taiki. Abin da nake so in tabbatar shi ne cewa kuskuren ya wuce na rashin sanin fasaha, kuskure ne na hukunci. Hanyar da ƙwararrun masu gyara ke bi su kauce masa kuwa ita ce wadda addini da hankali suka ɗora wa duk mai niyyar jingina laifi ga wani: ya bambanta inda aibu ya bayyana da inda ya samo asali, kuma kada ƙarfin hukuncinsa ya zarce ƙarfin hujjarsa.

Kafin a kai ga hukunci sai an san hanyar da sauti ke bi daga waya zuwa kunne. Hanyoyin uku ne. Idan ta Bluetooth ne, waya tana magana da lasifika kai tsaye, rauta ba ta cikin ciniki. Idan ta tsarin AirPlay ne na kamfanin Apple, wanda ya fara da sunan AirTunes a 2004, sautin yana tashi daga waya ya je rauta, sannan rauta ta miƙa wa lasifika, ke nan ya ratsa iska sau biyu. Idan kuma ta Chromecast ne ko Spotify Connect, waya umarni kawai take bayarwa, lasifikar ce ke ɗebo sautin da kanta daga intanet ta hannun rauta. A hanyoyi biyu na ƙarshe babu abin da ke isa lasifika sai da yardar rauta. Shi sauti ba shi da nauyi. Ko mai ingancin faifan CD, wanda ake ɗaukar samfuri 44,100 a kowace daƙiƙa, bai wuce kimanin megabit 1.4 a daƙiƙa ba, alhali rauta ta yau da kullum tana ɗaukar ninkin wannan sau da dama. Abin da sauti ba ya yafewa shi ne makara. Ana yanka shi ƙananan ƙunshi ana aikawa bi da bi, lasifika tana tara kaɗan a ma'ajinta, kimanin na daƙiƙa biyu a tsohon tsarin AirPlay, tana fitarwa. Idan ƙunshin da ke tafe ya makara har ma'ajin ya ƙare, sai shiru. Shafin intanet yakan makara da rabin daƙiƙa babu wanda ya lura, saƙon WhatsApp ya makara da daƙiƙa uku babu wanda ya damu, amma kunne ba ya ɓatan lissafi. Saboda haka lasifika ita ce ta farko da ke tona asirin cutar da sauran na'urorin gidan ke ɗauke da ita a ɓoye. Shaida ce, sai aka mayar da ita mai laifi.

Mafi yawan makarar nan a iska take faruwa. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zangunan rediyo ga kowa ba tare da lasisi ba, cikinsu har da zangon gigahaz 2.4, kuma a kansa aka gina ƙa'idar Wi-Fi ta farko a 1997. Abin da aka bar wa kowa kuwa kowa zai shigo. An raba zangon zuwa tashoshi goma sha uku a yawancin ƙasashe, tazarar megahaz 5 tsakanin kowace da mai bi mata, amma kowace tasha tana cin faɗin kusan megahaz 20, don haka suna hawa kan juna. Guda uku ne aka saba ɗauka a matsayin waɗanda ba sa taɓa juna: ta 1, ta 6 da ta 11. Ƙa'idar Wi-Fi kuma ita ce na'ura ta saurara kafin ta yi magana, idan ta ji wata na magana a tasharta ta jira. Wannan jira ya haɗa da na'urorin maƙwabta, domin iska ba ta san katanga ba. Bluetooth ma a zangon yake, yana tsalle tsakanin tashoshi 79 sau 1,600 a daƙiƙa, shi ya sa ko lasifikar da ba ta bi ta rauta tana iya shan wahala idan iskar ta cunkushe. Na'urar ɗumama abinci ta maikrowef tana aiki a gigahaz 2.45, tsakiyar zangon ke nan. Ga kuma tsohuwar waya ko kwamfuta da ke can nesa a bayan gida, wadda saboda raunin sigina take magana a hankali, tana cinye lokacin da kowa ke jira. Zangon gigahaz 5 ya fi yalwar tashoshi da ƙarancin cunkoso, sai dai ba ya ratsa bango kamar na 2.4, abin da ke da muhimmanci a gidajenmu na bulo da siminti da ƙofofin ƙarfe. Duk waɗannan abubuwa ido ba ya ganinsu, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke cikin lasifika.

Matsala ta biyu, wato waya ta kasa ganin lasifika, ta fi koyar da darasi, domin a nan komai yana nuna lafiya. Intanet na aiki a waya, lasifika ta nuna ta haɗu, amma ba sa ganin juna. Dalili shi ne yadda suke neman juna. Waya ba ta san adireshin lasifika tun farko ba, sai ta yi shela ga duk na'urorin gidan tana tambayar wa ke karɓar sauti, lasifika ta amsa. Apple ya kira tsarinsa na wannan shela Bonjour, Chromecast ma irinsa yake amfani da shi. Ita shela ba kamar saƙon mutum ɗaya ba ce: a Wi-Fi ana aika ta ne da ƙaramin gudu, kuma babu mai dawo da amsar cewa ta isa, don haka idan ta ɓace a hanya babu mai sake aikawa nan take. Wasu rautoci suna tace irin wannan shela don rage hayaniya, sai tacewar ta haɗa da abin da ake bukata. Wasu suna da saitin da ke killace kowace na'ura, ya bar ta ta fita intanet amma ya hana ta magana da 'yar'uwarta, kuma wannan shi ne halin layin baƙi a yawancin rautoci. A wani gidan kuma rauta biyu ce, ta kamfanin sadarwa da wadda mai gida ya ƙara don sigina ta kai ɗakunan ciki, kowace ta kafa nata gidan da nata adireshi. Waya na ƙarƙashin ɗaya, lasifika na ƙarƙashin ɗaya, shela kuwa ba ta tsallaka iyaka. A irin wannan hali waya lafiya lau take, lasifika lafiya lau take, aibun yana cikin abin da ke tsakaninsu. Wanda bai san cewa tsakani ma wuri ne da aibu ke iya zama ba, zai yi ta canja ɓangarorin biyu har kuɗinsa su ƙare.

Wani abin lura shi ne cewa ko an kama rauta dumu-dumu, ba koyaushe lalacewa ce ta jawo ba. Masu ƙera rautoci sun daɗe suna ba su babban ma'aji don kada ƙunshi ko ɗaya ya zube idan hanya ta cika. Niyya ce mai kyau, amma sakamakonta shi ne idan wani a gidan yana ɗora bidiyo ko wayarsa tana kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, sai layi ya yi tsawo, ƙunshin sauti ya tsaya a bayan dubban da ba sa sauri. Injiniya Jim Gettys ne ya fito da wannan matsala fili wajen 2010, kuma a 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka wallafa wata dabara mai suna CoDel, wadda maganinta shi ne a zubar da wasu ƙunshin da gangan tun layin bai yi tsawo ba. Haka nan wasu tashoshin zangon gigahaz 5 ana tarayya a kansu da na'urorin rada, irin na hasashen yanayi, kuma doka ta wajabta wa rauta ta bar tashar da zarar ta ji alamar rada. Idan ta tashi, duk na'urorin da ke kanta sai sun sake nemanta, sauti kuwa ya yanke. Rautar da ta yi haka biyayya ta yi. Daga nan ake gane cewa tambayoyi uku ne mutane ke cuɗawa su mayar ɗaya: ina aibun ya bayyana, mene ne sababinsa, kuma wa ke da alhaki. Na farko kunne ke amsa shi. Na biyu sai da bincike. Na uku kuwa ba ya amsuwa sai an gama da na biyu, kuma wani lokaci amsarsa ita ce babu wanda ya yi ganganci.

Yadda ake binciken ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malamin usulul fiƙhi. Idan malamai suna neman illar da aka rataya hukunci a kanta, ɗaya daga cikin hanyoyinsu ita ce sabru da taƙsimi: a jero duk siffofin da za su iya zama illa, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana fitar da wadda ba ta cancanta ba, har a tsaya a kan wadda ta rage. Wata hanyar ita ce dawarani, wato a ga hukunci yana samuwa idan siffa ta samu, yana gushewa idan ta gushe. Misalinsu sananne ne: ruwan inabi halal ne, idan ya fara sa maye ya haramta, idan ya juye ya yi tsami ya zama khal ya koma halal, sai a gane cewa mayen ne illa. Mai gyaran kirki haka yake yi ko bai taɓa jin sunayen nan ba. Ya jero waɗanda ake tuhuma: waya, manhaja, lasifika, iska, rauta, layin kamfanin sadarwa. Ya jona lasifika da rauta da kebul idan tana da wurin jonawa, idan yankewar ta tsaya ya san iska ce. Ya kunna sautin da ke ajiye a cikin waya maimakon na intanet, idan har yanzu yana yankewa ya wanke kamfanin sadarwa. Ya kai lasifikar wani gida ko ya haɗa ta da Wi-Fi na wata waya, idan ta yi aiki sumul ya wanke ta. Sannan ya koma kan rauta: ya canja tasha, ya duba killacewa, ya tabbatar waya da lasifika suna ƙarƙashin rauta ɗaya, ya sabunta manhajarta. Sharaɗin duka shi ne abu ɗaya ake canjawa a lokaci ɗaya, kuma idan matsala ta tafi a mayar da abin yadda yake a gani ko za ta dawo. John Stuart Mill ya tsara makamanciyar wannan ƙa'ida a littafinsa na mantiƙi a 1843, ƙarnoni bayan malaman usulu sun yi ta muhawara a kanta.

A wannan muhawara tasu akwai abin da ya kamata a riƙe. Mafi yawansu sun ce dawarani rinjayen zato yake bayarwa, ba yaƙini ba, domin abu biyu suna iya tafiya tare alhali wani na uku ne ke jan su. Mai gida ya canja tasha da ƙarfe tara na dare, sauti ya daidaita, ya ce ya gano. Wataƙila a daidai lokacin ne maƙwabci ya gama saukar da fim ɗinsa. Haka mai kashe rauta ya kunna: sau da yawa abin yana yi, domin kunnawar tana share adireshin da suka rikice, tana kuma sa wasu rautoci su zaɓi sabuwar tasha, amma mai kunnawar bai san wanne daga ciki ya yi aiki ba, don haka idan ta dawo gobe yana nan inda yake jiya. Hausawa suna cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma maganar tana da zurfi fiye da yadda ake ɗaukarta. Tana nufin cewa dacewa da gaskiya ba ta wanke hanyar da aka bi aka yanke hukunci. Suratul Hujurat ta zo da umarni biyu a kan haka: a aya ta 6 an umarci muminai su yi bincike idan fasiƙi ya zo musu da labari, don kada su cutar da wasu cikin rashin sani su dawo suna nadama, a aya ta 12 kuma an hore su da nisantar yawan zato. Abin da ayoyin suka ɗora wa mutum shi ne ya kula da yadda ya kai ga abin da ya gaskata, musamman idan gaskatawar za ta faɗa a kan wani.

Mai suka zai ce an kai abin da nisa. Lasifika roba ce da maganaɗisu, ba ta da mutunci balle a zalunce ta, kuma ayoyin da aka ambata a kan mutane suka sauka. Gaskiya ne na'ura ba ta da haƙƙi, amma da wuya hukuncin ya tsaya a kanta. Bayan lasifika akwai mai shagon da aka kira macuci, akwai yaron gida da aka ce shi ya taɓa, akwai mai gyaran da aka ce bai san aikinsa ba, akwai dukiyar da aka zubar wajen sayen abin da ba a bukata, ita ma abar tambaya ce. Abin da ya fi wannan shi ne cewa hankali ɗaya mutum yake da shi. Wanda ya saba kama abin da ke gabansa ya ɗora masa laifi don shi ido ya gani, da wannan sabo zai fuskanci ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, da ma'aikacin da aikinsa ya makara, da ɗan aiken da ya kawo saƙo a karkace. A duk waɗannan akwai na tsakani da ba a gani: malamin da bai shiga aji ba, takardar da ta kwana wata guda a tebur, wanda ya ba ɗan aiken saƙon tun farko. Malaman hadisi sun gina fanni sukutum a kan wannan fahimta, wato ilimin ilal, inda ake neman ɓoyayyen aibu a cikin hadisin da zahirinsa lafiya ne. Aliyu ibn Madini, malamin Bukhari, da Daraƙuɗni da ya zo bayansa, sun shahara da shi, kuma hanyarsu ita ce a tattaro duk hanyoyin da ruwaya ta biyo a gwama su, har a gane a hannun wa ta sauya. Sun san cewa saƙo yana lalacewa a hanya, kuma amintaccen mutum ma yana iya zama wurin da ya lalace. Gyaran sauti a gida ƙaramin fili ne da ake koyon wannan hali ba tare da an yi wa kowa rauni ba.

Wata sukar ta fito ne daga ɓangaren aƙida. Za a ce bin diddigin sababi har haka yana kama da mantawa da cewa Allah ne mai aikata komai, kuma manyan malamai sun yi inkarin cewa sababi yana da tasiri da kansa. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa Tahafutul Falasifa, ya ce abin da ido ya gani shi ne ƙonewa ta faru a lokacin haɗuwarsu, bai ga cewa wutar ce ta wajabta ƙonewar ba. Ibn Rushdi, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani a Tahafutut Tahafut cewa wanda ya kore sababi ya kore ilimi, domin sanin abu shi ne sanin sababinsa. Wannan saɓani na gaske ne, amma a kan haƙiƙanin sababi yake, bai shafi wajabcin bincike ba. Gazali bai ce a sa auduga a wuta a jira ta tsira ba. Ya ce Allah ya gudanar da al'ada a halittarsa, abubuwa suna bin juna a kan tsari tabbatacce, kuma ya sanya mana sanin wannan tsari. Ko mutum ya bi Gazali ko ya bi Ibn Rushdi, bangon siminti zai raunana sigina gobe kamar yadda ya raunana ta yau. Hasali ma gargaɗin Gazali yana ƙarfafa mai bincike, domin yana tuna masa cewa ganin abu biyu tare bai isa hujja ba, kuma wannan ne ainihin kuskuren mai zargin lasifika. Game da ƙaddara kuwa, labarin Sayyidina Umar sananne ne: ya nufi Sham, aka ba shi labarin annoba a hanya, ya shawarci sahabbai ya juya, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa tafiyar da juyawar duk a cikin ƙaddarar suke. Wanda ya ce haka Allah ya so ya bar rauta a bayan firiji, ya jingina wa ƙaddara abin da sakacinsa ya haifar.

Suka ta uku ta fi sauran kaifi. Idan aka koya wa mutane cewa laifi yana can a ɓoye cikin na tsakani, ashe ba an ba kowane mai laifi mafaka ba? Ɗalibin da bai yi karatu ba zai ce malami ne, ma'aikaci malalaci zai ce tsari ne, kuma a fagen na'ura za a koma zargin rauta a kan komai kamar yadda ake zargin lasifika a da. Wannan haɗari ne na gaske, kuma ana ganinsa. Amsarsa ita ce abin da ake karewa a nan hanya ce, kuma hanyar ba ta da ɗan gata. Akwai lasifikar da eriyarta ba ta da ƙarfi, akwai wadda manhajarta ke da kuskure, akwai wadda ba ta jin komai sai zangon 2.4, akwai wayar da tsarin tattalin batirinta ke kashe manhajar sauti da zarar fuska ta yi duhu. Gwajin da ke wanke lasifika idan ta yi aiki a wani gida, shi ne kuma ke kama ta idan ta yanke a can ma alhali sauran na'urori suna aiki. Binciken da ba zai iya komawa kan wanda aka fara tuhuma ba, son rai ne aka sa wa rigar bincike. Sau da yawa ma ƙarshen bin diddigi a kan mai binciken yake tsayawa: shi ya tura rauta cikin kabad don kada ta ɓata ado, shi ya ƙara ta biyu bai daidaita ta ba, shi ya sa lasifika a layin baƙi ya manta. Bincike ba ya sauke alhaki daga kan kowa, yana kai shi ne inda ya dace, kuma wanda ya shiga shi da gaskiya ya yarda tun farko cewa wurin yana iya zama kansa.

Saura mai cewa ba kowa ke da lokaci ko sani ba. Uwar gida da baƙi suka cika falonta ba za ta zauna jera sabubba ba, za ta kashe ta kunna, ko ta jawo kebul, kuma ta yi daidai. A nan ya kamata a raba mataki da hukunci. Mataki yana halatta a kan zato idan mai arha ne kuma ana iya janye shi, shi ya sa masu gyara ke farawa da kashewa da kunnawa da matso da na'ura kusa, su bar goge saiti gaba ɗaya da sayen sabuwa zuwa ƙarshe. Hukunci kuwa, wato faɗin cewa wane ne ya jawo, yana bukatar hujja daidai nauyinsa. Wanda ba shi da lokacin bincike ba a ce ya daina aiki ba, an ce ya daina yanke hukunci, ya tambayi wanda ya sani, kuma ya iya cewa ban sani ba. An ruwaito cewa Imamu Malik, wanda mazhabarsa ta yi rinjaye a ƙasar Hausa, ya kasance yana yawan amsa tambayoyi da cewa bai sani ba, har ga wanda ya yi doguwar tafiya ya zo gare shi, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Mai gyaran da ya ce ya kawar da abu uku saura biyu, ya fi amana a kan wanda ya kalli lasifika daga bakin ƙofa ya ce ta mutu.

Abin da wannan duka ya tabbatar shi ne cewa adalci yana farawa tun kafin a buɗe baki, a lokacin da mutum ke yanke wa kansa abin da zai gaskata. Kunne da ido suna ba da labarin inda abu ya bayyana, kuma gaskiya suke faɗa, amma ba a ba su sanin inda ya fito ba. Wannan aikin hankali ne, kuma an ɗora wa mai hankali ya yi shi: ya san hanyar da abu ya biyo, ya jero masu yiwuwa har da kansa, ya gwada ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe sakamakon gwargwadon ƙarfin gwajin. Idan kuskure a kan na'ura ne, asararsa kuɗi ce da ɓacin rai na yini ɗaya, ana kuma iya mayar da saiti yadda yake. Idan a kan mutum ne, asararsa suna ne ko aiki ko aure ko zumunci, waɗanda ba kasafai suke komawa yadda suke ba. Don haka gwargwadon yadda wani zai ɗauki nauyin hukuncinka, gwargwadon haka binciken ya wajaba a kanka, kuma duk wanda ya iya haƙurin gwada kebul kafin ya zargi lasifika ba shi da uzurin rasa wannan haƙuri a kan ɗan'uwansa.